Bayan Zane: Kalmar Saƙa da Yaƙin da Aka Rataye a Bango

Harshen Hausa ba shi da kalma guda da ta dace da wani nau'in kayan fasaha wanda ya cika fadojin Turai tun daga ƙarni na 15 har zuwa na 18, wato babban ƙyalle mai kauri da ake saƙawa da ulu da alharini, wani lokaci har da zaren zinariya da na azurfa, a fitar da surar mutane da dawakai da birane a cikin saƙar kanta, sannan a rataye shi ya rufe bango tun daga sama har ƙasa. Darduma ba ta ɗauki ma'anarsa ba, domin ita shimfiɗa ce da ake zama ko salla a kanta, ko da yake sunansa na Faransanci daga kalmar darduma ya fito, wadda mutanen Nijar suka ara suke cewa tapi. Labule ya ɗan matso kusa, sai dai aikin labule shi ne ya kare abin da ke bayansa daga ido, shi kuwa wannan an yi shi ne domin ido ya tsaya a kansa. Bargo da gwado da luru kuma kayan rufa ne. A wannan maƙala za a kira shi saƙar bango, kuma za a fi mai da hankali ga irin wadda masaƙan Holan da na ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam suka shahara da ita, mai nuna yaƙe-yaƙen mutanen dā.

Duk da rashin sunan, Hausa ta riga ta tanadi kalmomi biyu da suka fayyace abin fiye da yadda sunansa na Turai ya fayyace shi. Ta farko ita ce zane. A rubutun boko, zanen da mace ke ɗaurawa da zanen da ake yi da alƙalami a takarda ko da yatsa a jikin ɗanyen bango haruffansu ɗaya ne, tsawon wasali da karin sauti ne ke raba su a baki, mai karatu kuwa sai ya dubi jimla kafin ya gane wanda ake nufi. A saƙar bango ma'anonin biyu sun haɗu sun zama abu guda, domin ba a fara saƙa farin ƙyalle ba ne sannan a bi shi da allura, kamar yadda maɗinki ke yi wa babbar riga aska takwas. Zaren da ya fitar da idon doki shi ne kuma zaren da ke riƙe da jikin ƙyallen, ta yadda in aka zare surar, ƙyallen ma ya tafi.

Kalma ta biyu ita ce saƙa, wadda Bahaushe bai bar ta a bakin masaƙa ba, ya ɗauke ta ya kai ta cikin ƙirji. Mutumin da ya yi shiru yana lissafin abin da zai yi, an ce yana saƙar zuci. Wanda ya kasa yanke shawara yana saƙa da warwara. Wanda kuma ke ƙulla wa ɗan'uwansa sharri a ɓoye yana yi masa saƙa da mugun zare. Abin da ya haɗa waɗannan maganganu uku shi ne niyya, domin a masaƙa babu zaren da ke faɗawa wurinsa bisa tsautsayi, kowane sili sai hannu ya zaɓe shi ya ajiye shi inda ake so. Harsunan Turai ma sun bi irin wannan hanya, tunda kalmar da suke kiran rubutaccen matani da ita ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin saƙawa. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai kalli yaƙin da aka saƙa a matsayin abin da ya faru kawai ba. Zai tambayi wanda ya saƙa shi a zuci kafin a saƙa shi a zare, da kuma abin da yake nema.

Akwai kalma ta uku da kunne ke jawowa, ko da yake ba ta da dangantakar asali da sauran. Saga tsohon garin Zabarmawa ne a gaɓar hagu ta kogin Isa, ƙasa da tsakiyar Yamai a kan hanyar Kollo, wanda ya girmi mayar da Yamai babban birni a 1926, kuma yanzu birnin ya haɗiye shi ya zama unguwa a gunduma ta huɗu, da gonakin shinkafarsa a bakin ruwa. Sunan ba Hausa ba ne, kamarsa da saƙa kama ce ta sauti kurum, haka ma kamarsa da kalmar saga ta mutanen Aisland, wadda ke nufin dogon labarin jarumai da zuriyarsu irin wanda suka rubuta a ƙarni na 13. Amma Saga wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan batu daga gare shi, domin a yankinsa an san masaƙa ƙwararru kuma an san masu ba da labarin yaƙi ƙwararru, sai dai ba a haɗa sana'o'in biyu a hannu ɗaya ba, kuma dalilin rabuwar yana da abin faɗa.

A kasuwannin Yamai da Maraɗi da Kano, in aka ce Holan, abin da ke fara zuwa zuciyar mace atamfa ce, saboda kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, ya kwaikwayi rinin kakin zuma na mutanen Jawa ya kuma sami kasuwarsa a Afirka ta Yamma. Amma sunan yankin Holan da Beljiyam a sana'ar zare ya girmi atamfa da ƙarnuka. A ƙarni na 16 birnin Burusal ne cibiyar saƙar bango a Turai duka, har a 1528 hukumar birnin ta wajabta wa masaƙa su saƙa tambarin garin a gefen kowane babban aiki domin maganin jabu. Da tawayen lardunan yankin ga sarkin Sifen ya ɓarke, wanda ya ɗauki shekara tamanin daga 1568 zuwa 1648, kuma birnin Antwerp ya faɗa hannun Sifen a 1585, sai masu sana'a da yawa suka yi ƙaura zuwa arewa, inda jamhuriyar Holan ke kafuwa. Cikinsu akwai François Spiering, wanda ya zauna a Delft a farkon shekarun 1590 ya buɗe masaƙarsa a wani tsohon gidan ibada na mata Kiristoci. Shi ya saƙa wa shugaban jiragen yaƙin Ingila, Lord Howard, ƙyallaye goma masu nuna yadda aka karya rundunar jiragen ruwan Sifen a 1588, bisa zanen Hendrick Vroom, kuma shi ya yi na farko a cikin ƙyallaye shida da lardin Zeeland ya sa aka saƙa domin tunawa da yaƙe-yaƙensa na ruwa, waɗanda har yanzu suna Middelburg. Karel van Mander ƙarami, wanda ya yi wa Spiering zane kafin ya ɓalle ya kafa tasa masaƙar a Delft, ya fitar da jerin labarin Iskandar Mai Girma tsakanin 1617 da 1619, kuma ɗaya daga cikinsu, mai nuna ƙetare kogin Granikus inda Iskandar ya kara da Farisawa a shekara ta 334 kafin haihuwar Annabi Isa, yana gidan kayan fasaha na Chicago a Amurka.

Tambayar da ta fi cancanta a daɗe a kanta ita ce, me ya sa mutanen da ke da yaƙinsu a ƙofar gida, wanda hayaƙinsa bai gama lafawa ba, za su kashe dukiya mai yawa a kan yaƙin da aka yi shekara kusan dubu biyu kafin a haife su? Amsar tana cikin wata kalma da kowane Bahaushe ya sani, wato kirari. Kirari yabo ne da ba ya bin hanya miƙaƙƙiya; maroƙi ba ya tsayawa ya lissafa cewa sarki ya yi kaza ran kaza, sai ya kira shi giwa ko zaki ko dutse, ko ya jingina shi da wani kakansa da duniya ta riga ta sallama wa, ya bar mai sauraro ya ƙarasa lissafin da kansa. Basaraken Turai da ya zauna a ƙarƙashin surar Iskandar ko ta Scipio na Rum yana karɓar jakadu, kirari ake yi masa ba tare da an buɗe baki ba, kuma jakadan da ya yi karatun Latin ya san abin da bangon ke faɗa. Yaƙin dā yana da wata fa'ida da yaƙin jiya ba shi da ita, domin babu wanda aka kashe wa uba a Granikus a cikin baƙin da ke zauren, saboda haka ana iya cin abinci a ƙarƙashinsa ba tare da an ɓata wa kowa rai ba, alhali saƙon ya isa.

Kamar yadda kirari ke tashi daga kan wani sarki ya sauka a kan magajinsa, ko ma a kan sarkin wani gari, da ɗan gyaran suna, haka wannan saƙa take. Kafin a fara aiki, mai zane yana fitar da surar a kan takarda mai kauri daidai girman ƙyallen, wadda ake kira kartun daga kalmar Italiyanci mai nufin irin wannan takarda, kuma ita ce kalmar da daga baya ta koma sunan zanen barkwanci da yara ke kallo. Wannan takarda jari ce, mai masaƙa yana ajiye ta ya sake saƙa ta ga duk wanda ya biya, a canja tambarin gidan sarauta da ke gefe kawai. Zanen yaƙe-yaƙen Scipio da Giulio Romano ya yi, wanda aka fara saƙa wa sarkin Faransa François na Ɗaya a Burusal a shekarun 1530 cikin ƙyallaye 22, an yi ta maimaita shi ga wasu masu mulki fiye da shekara 150, har masaƙar Gobelins ta birnin Faris ta sake shi a ƙarshen ƙarni na 17. Jarumtar da kowane mai saye ke jin tasa ce shi kaɗai, haya ce aka ba shi.

Ba Turawa kaɗai ke auna yaƙin yau da mudun yaƙin dā ba. Jagororin jihadin Sakkwato sun kira ƙaurarsu zuwa Gudu a 1804 hijira, kuma sun kwatanta nasarar Tabkin Kwatto a wannan shekara da ta Badar, inda 'yan kaɗan suka rinjayi masu yawa. Bambancin da ke tsakani shi ne, su abin koyi na addini suke nema, wanda ke ɗora wa mai kwatancen nauyin bin sawu, ba ado na zaure ba; kuma sun zuba shi ne a rubutu da waƙa, a littattafai irin Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙat na Abdullahi ɗan Fodiyo da waƙoƙin Nana Asma'u. Amma dabarar hankalin iri ɗaya ce: abin da ya faru jiya ba ya samun cikakkiyar ma'ana a idon mutane sai an ba shi suna daga abin da ya riga ya tabbata.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma ƙarfin saƙar bango duka ya dogara ne a kan yarda da wannan magana, alhali ita ce hujja mafi girma a kan rauninta. Yaƙin Zama, ɗaya daga cikin waɗanda aka saƙa a jerin Scipio, an yi shi ne a ƙasar Tunusiya ta yanzu a shekara ta 202 kafin haihuwar Annabi Isa, tsakanin Scipio na Rum da Hannibal na Kartaj, wato fiye da shekara 1,700 kafin Giulio Romano ya ɗauki alƙalami. Abin da ya sani ya samo shi ne daga marubuta irin Livy da Polybius, ɗaya Barume ne, ɗayan kuma Bagirike da ya zauna a inuwar gidan Scipio, su kuwa mutanen Kartaj an rushe birninsu a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, tarihin da suka rubuta da hannunsu bai iso ba. Abin da ke rataye a bango ji ne da aka sa wa rigar gani, kuma ji ne daga baki ɗaya. A irin waɗannan ƙyallaye Afirka tana bayyana ne da giwaye, guda tamanin ɗin da aka ce Hannibal ya jera a gaban daga, waɗanda ƙarar ƙaho ta firgita har wasu suka juya suka tattake nasu. Ido yana tsayawa a kansu saboda sun fi komai cika fili. Abin da ba ya saurin fitowa shi ne, dawakan da suka auka wa rundunar Hannibal ta baya suka yanke hukuncin ranar, da yawansu na Masinissa ne, sarkin Numidiya, wato su ma mutanen Afirka ne. Ko inda mai zane ya gani da idonsa, matsalar ba ta kau ba. Jan Vermeyen, ɗan Holan, ya bi sarki Charles na Biyar zuwa yaƙin Tunis a 1535, har ya zana kansa a cikin fagen yana riƙe da takarda domin shaida cewa yana wurin, kuma Willem de Pannemaker ya saƙa ƙyallaye 12 bisa zanensa a Burusal ya gama a 1554. Amma mai zanen da mai saƙar duka a aljihun wanda ya ci yaƙin suke.

A nan ne yadda ake aikin yake da darasi. Yawancin masaƙan Holan da Beljiyam sun yi amfani da masaƙa ta kwance, inda ake miƙe zaren wadari, wato zaren tsaye da ake ja tun farko, a shimfiɗa takardar zane a ƙarƙashinsa, masaƙi ya riƙa leƙa ta ta tsakanin silin zare yana cusa zaren launi da ƙananan kwarkwaro, kowane launi iyakar inda ya kamata ya tsaya. Abin da ke fuskantar masaƙi bayan ƙyallen ne, da ƙulle-ƙullensa da bakin zare masu reto, fuskar kuwa tana kallon ƙasa, ba ya ganinta gaba ɗaya sai ran da aka yanke aikin daga masaƙa. Saboda haka surar tana fitowa a juye, dama ta koma hagu, dole mai zane ya ba jarumi takobi a hannun hagu a takarda domin ya fito a dama a bango. Ƙwararren masaƙi ba ya wuce kimanin murabba'in mita ɗaya a wata, in aikin mai laushi ne kuma bai kai haka ba, don haka mutum na iya shafe watanni a kan ƙafafun dawakai da garkuwoyi bai taɓa ganin yaƙin da yake saƙawa ba. Sannan zamani ya zo ya ƙara nasa hukuncin. Kore a wannan saƙa ana samunsa ne ta hanyar rina zare da shuɗi a ɗora masa rawaya, rawayar kuwa ba ta jure haske, shi ya sa itatuwa da ciyawar fagen fama a yawancin tsofaffin ƙyallayen suka koma shuɗaye. Marinan Ƙofar Mata a Kano ba za su yi mamakin jin cewa shuni ne ya fi sauran daɗewa ba. Masu gyaran kayan tarihi in suna son sanin ainihin launin da aka fara da shi, sai su ɗaga ƙyallen su dubi bayansa, inda rana ba ta kai ba. Fuskar da aka yi domin sarki ta koɗe, gefen da masaƙi ya zauna da shi ne ya riƙe gaskiyar launin.

An zaɓi zare ne domin a dawwamar da suna, amma wuta ba ta san wannan alkawari ba. A 1797 gwamnatin Faransa ta bayan juyin juya hali ta sa aka ƙone ƙyallayen Scipio na sarki François domin a tace zinariya da azurfar da ke jikinsu a biya bashi. Na Lord Howard, waɗanda suka daɗe a zauren majalisar dattawan Ingila, sun tafi a gobarar da ta ci ginin majalisa a Landan a 1834, ba a san kamanninsu yau ba sai ta hanyar kwafin da John Pine ya buga a 1739. Waɗanda Karel van Mander ƙarami ya saƙa wa sarkin Denmak Christian na Huɗu a kan yaƙinsa da Suwidin sun ƙone a fadar Frederiksborg a 1859.

A bakin kogin Isa, aikin da bango ke yi a Delft baki ne ke yinsa. Zabarmawa suna da jasare, wato masanin asali da tarihi wanda ke gadon sana'ar daga uba, yana kiran jerin kakanni yana ba da labarin mayaƙa da rakiyar molo mai tsirkiya uku. Wani sashe na kiran asalin yana yinsa ne da tsohon harshe mai tushe a Soninke, wanda yawancin masu sauraro ba sa ji, sannan ya fassara da Zabarmanci, kuma wannan bai rasa kama da rubutun Latin da ake saƙawa a saman ƙyallayen Turai ba: harshen da ba kowa ke ji ba yana ƙara wa magana kwarjini. Libore, maƙwabciyar Saga a kan hanyar Kollo, ita ce garin Djibo Badje, wanda aka fi sani da Djeliba, ɗaya daga cikin manyan jasare na ƙarshe, da ya rasu a 2018. Daga bakin irinsu ne jama'a suka san Isa Korombe na Koygolo, wanda ake wa laƙabi da Wangunya, wato uwar yaƙi, wanda ya haɗa kai da Kabawa ya yaƙi ikon Gwandu a yankin Dallol a tsakiyar ƙarni na 19, ya kuma faɗi a yaƙin Bumba a 1896. Labarin su Alfa Hano da Gazari da Babatu, Zabarmawan da suka kafa ƙarfi a arewacin Gana ta yanzu, ya sami wata hanyar daban, domin wani malami da ake kira Malam Abu ya rubuta shi da Hausar ajami a farkon ƙarni na 20. Labarin baka yana da abin da ƙyalle ba shi da shi: ana iya tsayar da mai ba da shi a yi masa tambaya, kuma in aka ƙetare zuwa garin waɗanda aka yaƙa za a ji wani zubin daban. Amma shi ma yana da mai biya, kuma jasare ya san zuriyar da ke zaune a gabansa.

Su kuwa masaƙan bakin kogin Isa sun bar ƙyallensu ba mayaƙa. Masaƙar Afirka ta Yamma siririya ce, ana jan wadari mai tsawo a ɗaure bakinsa a kunkuru, wato abin jan da ake ɗora wa dutse domin zaren ya miƙe, masaƙi yana taka andira da ƙafa yana jefa ƙoshiya, abin da ke fitowa kuma tsiri ne da faɗinsa bai cika wuce tafin hannu ba, sai an jera tsirin an ɗinke kafin a sami bargo. Gwanintar tana cikin lissafi, domin dole adon kowane tsiri ya faɗa daidai da na maƙwabcinsa in aka haɗa su, kuma masaƙin yana yin wannan ba tare da takardar zane a ƙarƙashin hannunsa ba. Haka ake yin tera-tera, bargon aure mai launuka da amaryar Zabarmawa ke shiga ɗaki da shi, haka kuma masaƙan Fulani da ake kira mabube suke yin arkilla, dogon ƙyallen ulu da ake ratayewa a kewaye gadon amarya, wanda shi ne mafi kusa da saƙar bango a wannan yanki. Adonsu galibi layuka ne da kusurwoyi da ɗigo. Ana yawan jingina rashin surar mutum ga addini, kuma hadisin labulen Nana A'isha mai ɗauke da surori, wanda Annabi (SAW) ya ƙi har ta mai da shi matasan kai, sananne ne ga malamai. Sai dai wannan bayani shi kaɗai bai isa ba, tunda Farisawa da Turkawan Usmaniyya Musulmi ne kuma sun cika littattafansu da zanen yaƙi, sannan a kudu, fadar Abome ta ƙasar Dahome, wadda ba ta Musulmi ba ce, ta nuna yaƙe-yaƙen sarakunanta a tutoci da labulaye ta hanyar yanka ƙyalle a ɗinka a kan wani ƙyallen, ba ta hanyar saƙa ba. Faɗin masaƙa yana da hannu a ciki, haka ma yanayin gini, domin saƙar bango ta Turai ta taso ne a manyan zaurukan dutse masu sanyi da ke buƙatar rufi.

Akwai kuma dalilin da ba a cika son faɗa ba. A ƙasar Hausa saƙa sana'a ce da ɗa ke iya yi, malami ma na iya zama a masaƙa da rani. A tsohon tsarin al'ummar Zabarmawa da Songhai kuwa, saƙa aiki ne da aka keɓe wa bayi da zuriyarsu, ɗan sarauta ba ya taɓa ƙoshiya, kuma hanyar da ta fi kawo bayi ita ce hari da yaƙi, irin waɗanda jasare ke yabon jarumansu. Ma'ana, mutumin da ke zaune a bakin masaƙa a gaɓar kogi sau da yawa jikan wanda aka kamo ne a yaƙin da ake kirari da shi a ƙofar fada, ganima ce ta wannan yaƙi, kuma ba shi aka ba ikon faɗar yadda ya kasance ba. Masaƙin Delft ya ga yaƙi ta baya saboda yadda aka gina masaƙarsa; na bakin Isa ya gan shi ta baya saboda inda yaƙin ya jefa kakansa.

Spiering ya kan sa a saƙa sunansa da haruffan Latin a gefen manyan ayyukansa, tare da kalmar da ke nufin shi ya yi, alhali shi mai masaƙa ne da ɗan kasuwa, hannuwan da suka cusa zaren na wasu mutane ne da yawancinsu ba a san sunansu ba. Barguna da arkilla na kwarin Isa da ke gidajen tarihi na Turai da Amurka kuwa, takardar da ke gefensu ta kan ambaci ƙabila da ƙarni, wani lokaci da sunan Baturen da ya sayo, ba sunan masaƙi. A Yamai akwai cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka ta Tarayyar Afirka, wadda aka kafa a 1968, da cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni, inda aka adana muryoyin jasare a faifai, akwai kuma gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, inda masaƙa ke aiki a gaban masu ziyara. An naɗi asalin mayaƙa har kaka da kakanni. Ya kamata ɗaliban tarihi da na harshe su je wurin masaƙan da suka rage a unguwannin bakin kogi, su tambaye su sunan kowane ado da wanda ya koya musu shi, su rubuta da sunan mai shi tun yana raye.